Kamun Kifi da Mayen Ƙarfe: Darasin Kimiyya a Cikin Bahon Wanki

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli ɗan jari-bola yana aiki, zai lura da wani abu da ba ya rabo da shi: wani baƙin zobe mai nauyi da ya ciro daga tsohuwar sifika, ya ɗaure da igiya ko ya maƙala a bakin sanda. Yakan ja shi a kan juji, sai ka ga ƙusoshi da notuna da marafan kwalba sun manne masa. In aka kawo masa tsohuwar tukunya ko tulin waya, kafin ya yi tayi sai ya ɗora abin nan a kai. In ya kama, farashi daban. In bai kama ba, farashi daban. Wannan abu shi ne maganaɗisu, wanda aka fi sani da mayen ƙarfe. Abincin mutumin nan ya dogara ne a kan wani sani da ɗalibi kan iya gama aji uku bai riƙe shi ba, wato ba kowane ƙarfe ne maganaɗisu yake ja ba.

Laifin ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai. Sunan "mayen ƙarfe" kansa yana ruɗarwa, domin a Hausa duk abin da ya yi ƙara in an buga shi ƙarfe muke ce masa. Ga shi kuma a makarantun da babu ɗakin gwaje-gwaje, malam zana maganaɗisu yake yi a allo, a kwafa, a haddace, a manta. Amma akwai wani ɗan wasa da zai iya cike wannan giɓi a tsakar gida, shi ne kamun kifi da maganaɗisu. Ana sayar da irinsa a kantunan kayan wasan yara, sai dai wanda kuka haɗa da hannunku ya fi koyarwa. A na kanti duk kifayen suna kamuwa. A namu kuwa akwai masu ƙin kamuwa, kuma su ne malaman darasin.

Kayan haɗi

Abu na farko shi ne maganaɗisun kansa. Kada ku ɓalle rediyon gida. Ku je wurin mai gyaran rediyo ku roƙi ƙaramar sifikar da ta mutu, ku kuma roƙe shi ya raba muku baƙin zoben da farantan ƙarfen da ke manne da shi. Sai ku nemi sanda mai tsawon kamu biyu, da siririyar igiya mai ƙwari kamar santimita 50. Ku ɗaure zoben a bakin igiyar, ɗaya bakin kuma a jikin sandar. Fatsarku ta haɗu ke nan, fatsar da ba ta da ƙugiya balle ta soki kowa.

Sai kifaye. In a ƙasa za a yi wasan, kwalin taliya ko na sukari ya isa: a zana kifi, a yanke da almakashi. In kuwa a ruwa ne, tsohon silifas ya fi, domin ba ya nutsewa kuma ba ya jiƙewa. Ku yanka kifaye 12, ku rubuta wa kowanne lamba a baya. A bakin kowane kifi ku ɗaure abu guda da zare ko salatif: marfin kwalbar lemo, kilif ɗin maƙale takarda, ƙaramin noti, ɗan kunnen da ake buɗe gwangwanin lemo da shi, guntun jar wayar lantarki da aka fere, tsohon makulli, maɓallin roba, tsinken ashana, 'yar tsakuwa, guntun gawayi, da duk abin da kuka ga dama in dai ba shi da tsini ko kaifi. Ku zuba ruwa a bahon roba, ba na ƙarfe ba, ku saki kifayen.

Dokar wasa

A bikin kamun kifi na Argungu, gwani shi ne wanda ya fito da kifi mafi girma. A nan kuwa gwani shi ne wanda ya fi iya hasashe. Kafin kowa ya taɓa sanda, sai ya ɗauki littafinsa ya ja layi uku: lambar kifi, abin da nake zato, abin da ya faru. Ya dubi abin da ke bakin kowane kifi, ya rubuta "zai kamu" ko "ba zai kamu ba". Ba a gogewa bayan an fara.

Daga nan sai a riƙa jefa fatsa bi da bi. Wanda ya ciro kifi yana da maki 1. Wanda hasashensa ya yi daidai yana da maki 2, ko kifin ya kamu ko bai kamu ba. Ta haka kifin da ya ƙi kamuwa ma yana kawo maki, in dai ka riga ka faɗa.

In kuna yi da ƙannenku, ku saurari lokacin da ɗayansu zai kai ga kifin da ke ɗauke da jar waya. Zai sauke fatsa sau biyu, sau uku, sannan ya ɗago ya ce, "Yaya, wannan kifin ya lalace." Kada ku yi saurin ba shi amsa. Ku ce, "Bai lalace ba, Auta. Me ke bakinsa? Da me ya bambanta da na marfin kwalba?" Wannan tambaya ita ce ainihin kimiyyar da ke cikin wasan.

Kama da wane ba ta wane

Ga abin da za ku tarar. Marfin kwalba da kilif da noti za su kamu, domin da baƙin ƙarfe aka yi su. Kunnen gwangwanin lemo ba zai kamu ba, domin sanholo ne, wato alminiyom, irin wanda ake narkawa a zuba tukwane. Jar waya ma ba za ta kamu ba, domin tagulla ce. Makulli kuwa ya danganta da abin da aka yi shi da shi, shi ya sa yake yawan kayar da masu hasashe. Cikin ƙarafan da aka sani, uku ne maganaɗisu yake ja da ƙarfi: baƙin ƙarfe, da nikel, da kobal, sai kuma gaurayen da suke ciki. Zinare da azurfa da dalma da tagulla da sanholo duk ba ruwansu da shi.

Ku gwada kayan kicin ku gani. Gwangwanin madara da na tumatir za su kama, na lemo ba zai kama ba. Cokulan silba kuwa, wani ya kama, wani ya ƙi, alhali a ido duk ɗaya suke, saboda haɗin da aka yi kowannensu da shi ya bambanta.

Akwai wani darasin tunani a nan. In aka ce ɗan kunne na zinare ne, kuka kai masa maganaɗisu ya manne, to tabbas akwai wani ƙarfe a cikinsa da ba zinare ba. Amma in bai manne ba, hakan bai tabbatar da cewa zinare ne ba, tunda tagulla ma ba ta mannewa. Gwaji ɗaya yana iya ƙaryata magana, amma ba kullum yake iya tabbatar da ita ba.

Me ke faruwa a cikin ƙarfen?

Kowane maganaɗisu yana da kai biyu, kan arewa da kan kudu. Kai iri ɗaya suna ture juna, mabambanta suna jan juna. A zoben sifika, kawunan su ne fuskokinsa biyu masu faɗi. In kun sami zobe biyu, ku haɗa su, sannan ku juya ɗaya, za ku ji turin a tafin hannunku. Ko da maganaɗisu ya fashe biyu, kowane ɓari zai zama cikakken maganaɗisu mai kawunansa biyu.

Shi baƙin ƙarfe cike yake da wasu ƙananan yankuna da ido ba ya gani, kowanne tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. A ƙusar da ke ajiye, yankunan nan kamar ɗalibai ne lokacin tara, kowa ya fuskanci inda ya ga dama, don haka ƙarfinsu yana kashe juna. Da zarar maganaɗisu ya matso, sai ka ce an kaɗa ƙararrawar shiga layi: duk su juya su fuskanci waje guda, ƙusar ta zama maganaɗisu na ɗan lokaci, ta manne. Tagulla da sanholo ba su da irin waɗannan yankuna, saboda haka ƙararrawar ba ta da wanda za ta kira. Zafi mai tsanani kuma yana wargaza layin. In baƙin ƙarfe ya kai kimanin digiri 770 a ma'aunin Selshiyos, wato ya yi jajir a wutar maƙera, maganaɗisu ba ya ƙara jansa sai ya huce.

Gwaje-gwaje uku bayan wasa

Na farko, auna nisan ƙarfinsa. Ku sa kwali guda tsakanin maganaɗisu da kilif, ku ɗaga. Ku ƙara na biyu, na uku, har kilif ɗin ya faɗi, ku rubuta adadin. Za ku ga ƙarfin yana ratsa kwali da leda da ruwa da gilashi, amma yana raguwa da sauri in tazara ta ƙaru. Ku lura da ƙa'ida guda: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In kun canza kwali kuma kun canza kilif, ba za ku san wanne ya jawo bambancin ba.

Na biyu, sarƙar kilif. Ku rataya kilif a jikin maganaɗisu, ku taɓa na biyu a ƙasan na farko ba tare da kun saƙala su ba. Zai tsaya. Ku ƙara na uku. Hausawa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: kilif na farko ya ari hali daga maganaɗisu, ya ara wa na biyu. Ku zare na saman a hankali ku ga abin da zai sami sauran.

Na uku, na manya ne kaɗai. Ku goga allura a gefen maganaɗisu sau 40, daga gindi zuwa tsini, kullum ta hanya ɗaya ba kai da komowa ba. Ku ɗora ta a kan ɗan guntun silifas a cikin kwanon roba mai ruwa, ku kai maganaɗisun nesa. Allurar za ta juya a hankali ta tsaya tana kallon arewa da kudu. Ku karkatar da ita, za ta koma. Kun haɗa kamfas ke nan.

Daga baho zuwa Kainji

Wannan allura mai iyo tsohuwar aba ce. Wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Shen Kuo ya bayyana allurar maganaɗisu mai nuna jiha a littafinsa a wajen shekarar 1088. A 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya bayyana dalilin tsayawarta: duniya kanta babban maganaɗisu ce. A 1820 Hans Christian Oersted na ƙasar Denmark ya lura cewa wayar da lantarki ke bi ta cikinta tana karkatar da allurar kamfas. A 1831 kuma Michael Faraday na Ingila ya nuna akasin haka, cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya yana haifar da lantarki. A kan wannan ƙa'ida janaretan gida yake aiki, haka ma manyan injinan madatsar ruwa ta Kainji a Jihar Neja, wadda aka kammala a 1968. Fanka da injin markaɗe mai lantarki da sifikar wayar hannu duk da maganaɗisu a cikinsu. Wani abin lura shi ne, wayar da ake naɗawa a cikin janareta tagulla ce, wato kifin nan da ya ƙi kamuwa a baho.

Hattara

Akwai wasu ƙananan maganaɗisai masu ƙyalli, masu ƙarfin gaske, da ake samu a abin sauraron waya na kunne da marfin jakunkuna da wasu kayan wasa. Kada ku yi amfani da su in akwai ƙananan yara. Idan yaro ya haɗiye biyu, ko ɗaya tare da wani guntun ƙarfe, suna iya jan juna ta bangon hanji, su matse shi har ya huje. In hakan ta faru, ko kuna zargin ta faru, a sanar da manya a tafi asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa lafiya lau. Ba a jira, ba a kuma ba shi wani abu don ya yi amai.

Zoben sifika yana da saurin fashewa in ya faɗi, ɓarinsa kuma yana yanka. Ku nisanta maganaɗisu daga katin cirar kuɗi da agogon hannu mai allura, da kuma duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya. Noti da maɓalli da tsakuwa ma yaro mai rarrafe yana iya kaiwa baki, don haka ku ƙirga kayanku kafin wasa da bayansa. Sannan kada a bar baho da ruwa ba mai kula. Da an gama a zubar, a kife shi.

A hutun ƙarshen makon nan ku haɗa naku, ku tara ƙanne, ku cika layukan nan uku da gaskiya, har da wuraren da hasashenku ya kuskure. Ranar Litinin ku kai littafin ga malamin kimiyya ku nuna masa. Wanda ya sami kifin da ya ba shi mamaki, ya rubuto wa wannan fili ya faɗa mana abin da ke bakinsa, da abin da yake ganin ya sa ya kamu ko ya ƙi.