Ko Ka Sani? Akwai Marin da ke Shinshinar Gumin Mai Shi

Duk wanda ya tashi a Damba, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san abin da ake nufi idan aka ce an kai yaro gidan mari. Shaye-shaye ya ci ƙarfinsa, nasiha ta ƙi, duka ya ƙi, iyaye sun rasa ta cewa, sai a danƙa shi ga malam a sa masa ƙarfe a ƙafa. A watan Satumba na 2019 ne 'yan sanda suka fasa wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane kusan 300, wasu da sarƙa a ƙafafunsu, daga baya aka yi irin haka a Daura. To, ko ka san a Amurka da Ingila ma alƙalai na sa wa masu shaye-shaye mari? Sai dai nasu ba ya hana tafiya. Mai shi yana kwana gidansa, yana zuwa wurin sana'arsa, marin kuwa yana ta shinshinar guminsa dare da rana.

Sunan na'urar SCRAM, wani kamfani a jihar Kolorado ya fito da ita kasuwa a 2003. Ƙaramin akwati ne na roba mai maɗauri, ana ɗaure shi a saman idon sawu a kulle. Dabarar ta dogara ne kan wani abu da jiki ke yi ba tare da saninmu ba. Idan mutum ya sha giya, hanta ce ke narkar da mafi yawanta, amma wani ɗan kaɗan, kimanin kashi 1 cikin 100, yakan fita ta fata a matsayin tururi, ko da mutum bai ji yana gumi ba. Kowane minti 30 wani ɗan famfo a cikin na'urar zai zuƙi iskar da ke kan fata ya tura ta cikin ma'auni. Idan akwai barasa, ma'aunin zai haifar da ɗan ƙarfin lantarki gwargwadon yawanta, na'urar ta rubuta. Sau 48 ke nan a yini. Daga nan wata ƙaramar tasha da ake ajiyewa a gidan mutumin ta aika bayanan ga jami'in da ke sa ido.

Ɗan Adam dai ba a raba shi da wayo. An sha samun masu cusa leda ko wani abu tsakanin na'urar da fata. Masu ƙirar sun san da haka, sai suka sa mata ido biyu: ɗaya yana auna ɗumin jiki, ɗaya yana harba haske a fata yana duba yadda ya dawo. Ka cusa wani abu, ta kai rahoto. Ka yanke maɗaurin, ta kai rahoto.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne maganar turare. Turaren fesawa da yawa da barasa ake haɗa shi, don haka ana hana mai ɗauke da na'urar kusantar da shi ƙafa. Ka dubi mutumin Gusau ranar Juma'a, ya feshe babbar riga sama da ƙasa, ka ce masa kada ko ɗigo ya sauka kan wando! Amma masu karanta sakamakon suna da hanyar bambancewa. Barasar turare tana hawa farat ɗaya ta sauka da sauri. Wadda aka sha kuwa sai ta bi ciki da jini kafin ta iso fata, shi ya sa take jinkirin bayyana, ta hau a hankali, ta sauka a hankali cikin sa'o'i. Ana wanka da na'urar, amma ba a tsoma ta cikin ruwa.

Sai dai giya kaɗai take gani, alhali abin da ya addabi samarinmu ƙwaya ce, da wiwi, da kodin wanda gwamnati ta haramta shigo da maganin tarinsa a 2018. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ɗin ya gano mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa kayan maye cikin shekara guda. Don irin waɗannan akwai wani abu dabam: filasta mai tsotsar gumi, wadda aka fi sani da PharmChek. Ana goge dantse a manna ta, ta yi mako guda ko kwana 10. Ledar da ke samanta tana barin tururin ruwa ya fice, amma ɓurɓushin hodar iblis ko wiwi da ya biyo gumi sai ya maƙale a audugar ciki. Kowace tana da lambarta, kuma idan aka ɓanɓare ta ba ta komawa yadda take. Ita ba ta aika saƙo. Sai an cire an kai ɗakin gwaji. Lauyoyi sun sha ƙalubalantar ta a kotu, suna cewa ƙurar ƙwaya daga waje na iya gurɓata ta.

Me ya sa ba a tsaya ga gwajin fitsari ba, irin wanda hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ke yi? Domin yawancin ƙwayoyi suna barin fitsari cikin kwana 2 zuwa 4. Wanda ya san ranar Litinin za a gwada shi, sai ya kame tun Alhamis, ko ya ɗirka ruwa, ko ya zo da fitsarin ƙanensa a kwalba.

A ganina na'urar ba ita ce zuciyar lamarin ba, kotun da ke bayanta ce. An buɗe kotun shaye-shaye ta farko a Mayami a 1989, shekarar da aka kafa NDLEA a Najeriya. Maimakon gidan yari, ana tura mai laifi wurin magani, yana dawowa gaban alƙali ɗaya a kai a kai har tsawon shekara ko fiye. Sakamako ya yi kyau, alƙali ya yaba masa a gaban jama'a. Ya zame, a hukunta shi nan take da ƙaramin hukunci, ko a ƙara masa zaman magani. Ingila ta fara amfani da marin giya a faɗin ƙasar a 2021, inda alƙali ke iya hana mutum sha har kwana 120. A Amurka sau da yawa mai laifin ne ke biyan kuɗin haya, wajen dala 10 zuwa 15 kullum, wanda ko can talaka na kuka da shi.

Dokar gidajen gyaran hali ta Najeriya ta 2019 ta buɗe ƙofar hukuncin da ba na ɗauri ba, kuma akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato. Amma wanda zai kawo filastar nan Zamfara sai ya fara tambayar abin da aka saita ɗakin gwajin ya nema. Tiramol, wanda samari ke haɗiya kafin su hau babur ko su shiga gona, ba ya fitowa a gwajin da aka saba yi wa dangin hiroyin, sai an nemi nasa na musamman. Sholisho ma ba ya cikin jerin.