Lokacin Da Kwaɗon Intanet Ke Buƙatar Lasisi

Duk ɗan kasuwar kan iyaka ya san hajar da ke halal a wannan tsallake tana iya jawo kamu a wancan. Haka ta taɓa faruwa da kwaɗon da ke kulle bayanan katin banki yayin ciniki ta intanet.

Masana uku na jami'ar MIT ne suka ƙirƙiro dabarar kullewa ta RSA a 1977, jami'ar kuma ta samu haƙƙin mallakarta a 1983, amma a Amurka kaɗai. Don haka duk mai son buɗe shagon intanet mai tsaro a can, tilas ya biya lasisi ko ya sayi manhaja mai lasisi irin su Stronghold. A wasu ƙasashe kuwa, kyauta ake amfani da SSLeay, wadda aka fitar a Ostiraliya a 1995.

A Satumbar 2000 kamfanin RSA Security ya sakar wa kowa dabarar, makonni biyu kafin wa'adin haƙƙin ya cika.

Yau kwaɗon ya yi araha, har macuta ma suna da nasu. Adireshi mai "https" yana kare bayananka a hanya, amma ba ya shaidar amanar mai shago. Kafin ka tura kuɗi, san abokin cinikinka.