Abin da ke ƙarƙashin allon Macintosh da amfaninsa ga mai nazarin harshe

Wanda ya kunna kwamfuta ƙirar Macintosh ba ya ganin kome sai tagogi da ƴan hotunan da ake latsawa. Wannan kuwa rufi ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai wani tsari mai suna Darwin, wanda kamfanin Apple ya buɗe wa jama'a asalin rubutunsa a shekarar 2000, kafin fitowar Mac OS X a 2001. Darwin ɗan gidan Unix ne. Cibiyarsa, wadda ake kira XNU, an haɗa ta ne daga Mach na jami'ar Carnegie Mellon da BSD na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley. Ita ce ke raba wa ayyuka lokaci da wurin ajiya, ita ce kuma ke hukunta wanda yake da izinin taɓa kowane fayil.

Ƙofar shiga wurin ita ce manhajar Terminal, inda ake rubuta wa na'ura umurni da haruffa. Daga 2019 tafintan da ke karɓar umurnin shi ne zsh. Kafin nan bash ne.

Abin da zai kai mai nazarin Hausa can, da farko, shi ne haruffa masu lanƙwasa. A tsarin Unicode kowanensu yana da lambarsa: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma U+01B4. Amma allon bugu na Faransanci, wanda ya fi yawa a ofisoshin Nijar, bai tanadar musu maɓalli ba. Tun 2002 tsarin yana karɓar fayil ɗin da ke bayyana abin da kowane maɓalli zai fitar, ana kuma iya tsara shi da manhajar Ukelele ta ƙungiyar SIL. Sauran magana ita ce wurin ajiye shi, domin ma'ajiyai uku ne ke ɗauke da suna Library. Ta cikin System ta kamfani ce. Ta tsakiya ta duk masu aiki da na'urar ce, sai mai izinin shugabanta ke zuba abu a ciki. Ta uku ta mutum ɗaya ce, an kuwa ɓoye ta daga gani tun 2011. A cibiyar yaƙi da jahilci, inda malamai da dama ke karɓa-karɓa a kan na'ura guda, ta tsakiyar ce ta dace. In ba haka ba, kowa zai ƙago tasa dabara, wani ya sa ɗigo, wani ya sa waƙafi, littattafan su fito da rubutu iri-iri.

Na biyu shi ne jeranta kalmomi. Umurnin sort yana jera dubban kalmomi cikin ƙiftawar ido, grep kuma yana tsamo duk layin da wata gaɓa ta fito. Sai dai idan aka bar sort ya bi lambobin haruffa tsurarsu, «ƙasa» da «ɗaki» za su faɗa bayan «zuma», abin da babu mai haɗa ƙamus da zai yarda da shi.

Alamar karin sauti ta fi wannan ruɗarwa. Harafin à yana iya zama lamba guda, U+00E0, ko kuma a tare da U+0300 a bayansa. Ido ba ya bambanta su, amma grep yana bambantawa, har ƙidayar kalmomi ta fito da giɓi ba tare da mai bincike ya farga ba. Wajibi ne ke nan a mayar da dukan matani siga ɗaya kafin a fara ƙirga.

Akwai iyakar da kamfanin ya shata. A da, wanda ya rubuta sudo ya ba da kalmar sirri yana iya sauya kusan kome. A 2015 aka sa kariyar da ta hana ko mai cikakken iko taɓa ma'ajiyar System, a 2019 aka ware ta wurin da sai dai karantawa, a 2020 kuma aka buga mata hatimi. Ana iya ɗage kariyar da umurnin csrutil, bayan an tayar da na'urar ta hanyar gyara, amma aikin harshe ba ya bukatar haka: allon bugu da zanen haruffa duka suna zama a ma'ajiyai biyun da aka bari a buɗe.