Ƙuri'ar da ta lalace, murya ce da ta ɓace

Ƴan uwana mata na ƙungiyoyin asusu, daga Tasawa da Korgom har Mayahi da Kanambakashe: Mace na iya yin sammako, ta bar daka, ta sha rana cikin layi, amma a wajen ƙirga a ware takardarta a ce ta lalace. Wahala ta tafi a banza ke nan.

Ku tuna zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020. Ƴan takara 30 aka jera bisa takarda guda, kowa da hotonsa da alamarsa da gurbin da ake dangwalawa. Wadda ba ta yi karatu ba, hoto da alama su ne jagoranta, shi ya sa ya kamata ta san su tun daga gida.

Ga yadda abin yake. Ki je biron da sunanki yake da katinki na zaɓe. A duba sunanki a ba ki takarda. Ki shiga makewayi ke kaɗai, ki dangwala a gurbi ɗaya tak. In kin dangwala wa mutum biyu, ƙuri'ar ta mutu. Ki jira tawada ta sha iska kafin ki ninke, don kar ta shafi gurbin wani. Ki jefa cikin akwati da hannunki, a sa miki tawadar da ba ta fita da wuri a yatsa. Cikin makewayin nan, ba maigida, ba mai rabon sabulu da atamfa da zai ga abin da kika zaɓa.

Wannga aiki ba baƙo ba ne gare mu. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, mu ke zaɓen shugaba da ma'aji da kanmu. To, a zaɓen ƙungiya mai zuwa mu gwada: a zana ƙwarya, tulu da muciya bisa takarda, kowace ƴar takara da alamarta, a rataya zane a matsayin makewayi, a ƙirga a bainar jama'a.

A 2019 doka ta ƙara kason mata zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe. Duk ranar da aka sake kiran zaɓe, hannunmu ya riga ya saba.