Barasar Ƙananan Tukwane: Gaskiya ko Jita-jita?

A 'yan shekarun nan jaridun Turai da Amurka sun cika da yabon ƙananan masana'antun barasa, irin waɗanda iyali ɗaya ko abokai biyu-uku ke riƙe da su, suna dafa kaɗan-kaɗan suna sayarwa da tsada. Mu ma a Afirka ta Yamma akwai irin waɗannan tukwane: ogogoro a kudancin Najeriya, akpeteshie a Ghana. Mafi yawanmu ba ma sha, addini ya hana, kuma babu abin da za a faɗa a nan da zai sassauta wannan hukunci. Sai dai muna cuɗanya da masu sha a kasuwa da tasha da bariki, wasunsu ma 'ya'yanmu ne da ke sha a ɓoye. Tun da ba a tattauna batun a fili, abin da yawancinmu muka sani a kai ji-ta-ji-ta ce kawai.

"Burkutu, bammi da ogogoro duk ƙarfinsu ɗaya"

Hukuncinsu ɗaya ne a shari'a, shi ya sa muke ɗauka aikinsu a jiki ma ɗaya ne. Ba haka ba ne. Burkutu dawa ce ake jiƙawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami. Bammi ruwa ne da ake tara daga bishiyar kwakwar manja ko tukurwa. Barasar da ke cikinsu ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kuma ko an bar su sun daɗe akwai iyaka, domin ƙwayoyin yis da ke juya zaƙi ya zama barasa mutuwa suke yi idan ƙarfin ya doshi kashi 15.

Ogogoro mataki ne na gaba. Ana zuba bammin da ya yi tsami a durom, a hura wuta. Barasa tana tafasa a ma'aunin zafi 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, don haka tururin barasa ne ke riga tashi, ya bi bututun da aka ratsa cikin ruwan sanyi, ya sauko ɗigo-ɗigo. Abin da ke fitowa yakan kai kashi 30 zuwa 60. Ita dabarar ba ta barasa kaɗai ba ce. Da ita ake tatsar ruwan wardi a Ɗa'ifa ta Saudiyya. Amma matashin da ya saba shan ƙwarya guda ta burkutu, ya auna ogogoro da wannan ma'auni, ya sha abin da ya ninka sau goma.

"Duk ƙaramar masana'anta ta 'yan ɓoye ce"

Wannan tunani gadon mulkin mallaka ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, aka sa Arewacin Najeriya cikinsu. A kudu kuwa harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai yana cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar gwamnati. Da talauci ya tsananta a shekarun 1930, mutane suka koma dafa tasu, gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da su, kuma ba lafiyar jama'a kaɗai take karewa ba, har da baitulmalinta. Daga nan sana'ar ta shige daji da bakin rafi.

A wasu wurare an bi wata hanya. Tsaunukan Scotland sun taɓa cika da tukwanen ɓoye, har dokar 1823 ta ba da damar yankan lasisi kan fam 10. Wani mai dafawa, George Smith na Glenlivet, ya karɓi nasa a 1824. Yau doka ta ce ba a kiran abu wuskin Scotland sai ya yi aƙalla shekara 3 a ganga ta katako. Ghana ta halatta akpeteshie a 1962, Kenya ta halatta tata mai suna chang'aa a 2010. To amma kada yabon jaridu ya ruɗe mu: a Amurka, rubuta wa kwalba cewa kaɗan-kaɗan aka dafa ta ba shi da wata ma'ana da doka ta ƙayyade, babban kamfani ma yana iya rubutawa. Abin da ke raba waɗancan ƙananan masana'antu da durom ɗin bakin rafi shi ne awo, da gwajin ɗakin bincike, da jami'in da ke iya rufe ƙofa.

"Ta gida ba ta da sinadari, ta fi ta kamfani aminci"

Wannan ita ce jita-jitar da ta fi cin rayuka, kuma muna iya fahimtar tushenta. Mun saba ganin man shanun gida ya fi na gwangwani, sai muka miƙa wannan amana ga duk abin da aka ce na gargajiya ne.

A watan Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a garin Ode-Irele na jihar Ondo cikin 'yan kwanaki. Ciwon kai, sai dushewar gani, sai suma, sai mutuwa. Da farko wasu mutanen gari sun ce fushin abin bauta ne, saboda an keta alfarmar wurin tsafi. Binciken hukumomin lafiya ya kai ga methanol da ke cikin ogogoron da suka sha. Watanni biyu bayan haka kimanin mutum 70 suka rasu a jihar Ribas ta irin wannan hanya. Kafin su, a 2010, mutum 80 sun mutu a Kabale ta Yuganda bayan shan waragi, wato irin ogogoronsu.

Methanol ɗan'uwan barasa ne da ake amfani da shi a masana'antu, a fenti da man goge-goge. Kaɗan daga cikinsa yana samuwa wajen tsima 'ya'yan itace, amma yawancin mace-macen da ake yi rututu daga algus suke: wani ɗan kasuwa a tsakanin mai dafawa da mai sha ya sayi methanol mai arha ya ƙara, don jarka ta yi auki. Hanta tana juya methanol ya zama guba mai lalata jijiyar ido. Mililita 10 na iya makantar da mutum, 30 na iya kashe shi, wato cokalin cin abinci biyu ke nan. Ko babu algus, tsatsar durom da dalmar da aka liƙe bututu da ita suna bin ruwan.

Abin da ya sa ake saurin jingina lamarin ga sammu ko iska shi ne jinkiri. Mutum zai sha da dare, ya kwana, ya tashi kamar lafiya lau, sai bayan awa 12 zuwa 24 ido ya fara hazo. A lokacin ba mai tuna kofin jiya.

"Idan an jiƙa saiwoyi a ciki ta zama magani"

A tashoshin mota muna ganin kwalabe cike da sassaƙe, ana cewa na zazzaɓi ne, na basir ne, na ƙarfin maza ne. Barasa tana dusashe jin zafi na ɗan lokaci, tana kuma buɗe hanyoyin jinin fata har mutum ya ji ɗumi, alhali zafin jikinsa fita yake yi. Wannan sauƙin na wucin gadi shi ake ɗauka waraka. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana nan a jini. A Iran, farkon 2020, an yaɗa cewa barasa na kashe cutar korona. Fiye da mutum 700 suka mutu da gubar methanol cikin watanni kaɗan. Ko barasar da ba a yi wa algus ba, tun 1988 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa.

"Gwani yana gane mai guba ta wari ko launin wuta"

Ba ya ganewa. Methanol ba shi da launi, warinsa da ɗanɗanonsa sun yi kusa da na barasa, kuma dukansu da shuɗiyar wuta suke ci idan an kunna musu ashana. Wanda ya gwada sau da yawa bai mutu ba yakan ɗauka gwajin ne ya tsare shi, alhali sa'a ya yi bai gamu da mai gubar ba.

Madara ko manja ma ba sa karya wannan guba. Maganinta yana asibiti: allurar fomepizole, ko barasar asibiti da likita ke aunawa don ta hana hanta sarrafa methanol, sannan wankin jini idan abin ya yi nisa. Duk waɗannan suna aiki ne idan an zo da wuri. A wurarenmu kunya ce ke cinye wannan lokaci, iyali su ce wa likita ciwon kai ne kawai don kada unguwa ta ji. Idan wanda ya sha jiya ya fara amai, numfashinsa ya yi sauri, yana cewa yana ganin hazo, a kai shi nan take, a gaya wa likita abin da ya sha da lokacin da ya sha, a tafi da ragowar kwalbar, a kuma nemo waɗanda suka sha tare da shi ko da ba su fara jin komai ba.