Kyamarar Auna Nisa a Kan Mutum-mutumin Ɗalibi

Ɗalibin da ya harhaɗa ɗan mutum-mutumi mai tayoyi a Toranke, da injin motar wasan yara da allon Arduino, yakan fara ne da na'urar HC-SR04. Tana aika sautin da kunne ba ya ji, ta jira dawowarsa, ta ba da lamba ɗaya tak, wato nisan abin da ke gabanta daga santimita 2 zuwa mita 4. Aikinta irin na sandar makaho ne: ta san akwai abu, ba ta san bango ne ko akuya ba. Kyamarar auna nisa kuwa takan auna kowane ɗigo na hoton da ta ɗauka, har mutum-mutumin ya gane siffa ya bi mai motsi. Sai dai duk wanda ya ɗora ta, ita za ta zaɓa masa wurin aiki da batir da kwamfuta, don haka da ita ake fara lissafi.

Wadda ta buɗe wannan ƙofa ita ce Kinect, da Microsoft ya fitar a Nuwamba 2010 don wasannin Xbox 360 a kan dala 150, da fasahar kamfanin PrimeSense na Isra'ila. Cikin kwanaki kaɗan wani matashi ɗan Sifaniya, Héctor Martín, ya rubuta manhajar da ta sa ta yi magana da kwamfuta, ya ci ladar dala 3,000 da kamfanin Adafruit ya sa. A 2011 kamfanin Willow Garage ya ɗora Kinect a kan mutum-mutuminsa TurtleBot. Yadda Kinect take gani shi ne, wata 'yar fitila tana watsa dubban ɗigogin hasken infirared, wanda ido ba ya gani, wata kyamara kuma ta duba yadda kowane ɗigo ya goce daga inda ya kamata ya sauka. Gocewar ita ce ma'aunin nisa. Hoto ɗaya yana da ɗigo 307,200, ana kuma ɗaukar 30 a daƙiƙa.

Daga nan sharuɗɗan suke fitowa. Rana cike take da infirared, kuma ranar Maris da Afrilu a ƙasar Gaya da Ajingi za ta shanye ɗigogin nan ƙurmus, kyamarar ta makance a tsakar gida, balle a gonar gero. Wurinta zaure ne ko aji, kuma lokacin hunturu sai an riƙa goge ƙura daga gilashinta. Tana son wuta mai bolt 12 ban da ta USB, abin da batirin babur zai bayar, amma nauyinsa zai tilasta a canza injin da tayoyi. Shi kuwa Arduino Uno, da ƙwaƙwalwar aikinsa ta kilobait 2, ko kusurwar hoto ɗaya ba zai riƙe ba. Dole a kawo 'yar kwamfutar Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar cinya ta yi nazarin hoton, Arduino ya tsaya kan juya tayoyi.

Za a ce wahalar ta yi yawa, na'urar sauti ma ta isa. Idan burin kauce wa bango ne kawai, gaskiya ne, kuma ko an sa Kinect kada a cire na'urar sautin, domin kyamarar ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da kusan rabin mita. Amma zana taswirar ɗaki da bin mutum ba sa yiwuwa da lamba ɗaya, kuma su ne ainihin darasin da zai amfani mai niyyar karatun injiniya a jami'ar Wudil ko Bayero. Wani kuma zai ce Kinect ta tsufa, tunda an daɗe da daina ƙera ta. Hakan ne ma ya karya farashin ta hannu, manhajojinta irin su libfreenect kuma kyauta suke har yau. Mai saye dai ya tabbata an haɗa masa da wayar da ke raba wuta da USB, domin bakin wayar Kinect ba ya shiga kwamfuta kai tsaye.