Saran 'yan daban Burgess: harshen da ya riƙe littafi sama da shekara sittin

A shekarar 1962 kamfanin Heinemann na Landan ya buga wani ɗan littafin ƙagaggen labari mai suna A Clockwork Orange, wanda tun daga shafin farko yake sa Bature haifaffen Ingila ya tsaya yana sosa ƙeya. Da Turanci aka rubuta shi, amma da wuya a wuce layi biyu ba a ci karo da kalmar da babu ita a ƙamus ba. Mai ba da labarin yaro ne ɗan shekara 15, Alex, jagoran wasu 'yan daba su huɗu, a wani zamani mai zuwa inda dare ya zama na matasa, gwamnati kuma ta ƙudurta gyara masu laifi ko ta halin ƙaƙa. Irin waɗannan littattafai masu hasko mummunar makoma suna da yawa a adabin Turawa, sai dai kaɗan ne harshensu ya yi tasiri kamar wannan.

Marubucin, Anthony Burgess, an haife shi a Manchester a 1917, ya rasu a 1993. Malamin makaranta ne mai kunnen harsuna, ya koyar a Malaya da Brunei. Matsalar da ya fara fuskanta kowane marubuci ya santa: saran matasa ba ya daɗewa. Da ya ɗauki maganar samarin titunan Landan na lokacin ya cusa wa Alex a baki, kafin littafin ya fito daga maɗaba'a an daina yayinta, a koma ana yi masa dariya. Sai ya yanke shawarar ƙera nasa saran. A 1961 ya kai ziyara Leningrad, bayan ya sabunta Rashancinsa, daga can ya samo yawancin kayan aikin. Ya haɗa da ɗan saran talakawan gabashin Landan, da maganar yara ƙanana, da tsohon Turanci irin na Shakespeare wanda Alex ke jawowa idan yana son yin izgili. Sunan harshen Nadsat, daga ɗafin da Rashawa ke sa wa lambobi 11 zuwa 19, wato shekarun samartaka. Kalmominsa sun haura 200.

Aboki shi ne droog, madara moloko, jini krovvy, duka kuma tolchock. Wasu ya lanƙwasa su har suka yi kama da Turanci: kalmar Rashanci ta abu mai kyau, khorosho, ta koma horrorshow, wadda kunnen Bature ke jin ta a matsayin kallon abin ban tsoro. Ke nan a bakin yaran nan kyau da ta'asa suna ɗaya gare su. A tuna kuma lokacin: an gina katangar Berlin a 1961, an yi dambarwar makaman Kuba a 1962. A ce matasan Ingila na gobe da harshen abokan gaba suke hira, wannan kaɗai ya isa ya tayar wa mai karatu na wancan zamani da hankali. Har wani likita a cikin labarin yana danganta abin da farfaganda mai shiga kai ba a sani ba.

Amma babban aikin Nadsat ba na siyasa ba ne. Abin da Alex da yaransa ke aikatawa mummuna ne ƙwarai: dukan tsofaffi, fashi, fyaɗe, har kisan kai. Da an faɗe shi da Turanci gar-da-gar, mutane da yawa za su ajiye littafin tun a babi na biyu. Baƙin kalmomin sun zama labule. Hankalin mai karatu yana can wajen warware ma'ana, kamar wanda ake yi wa zaurance a gabansa yana ƙoƙarin kamo bakin zaren, har ta'asar ta wuce bai gama jin zafinta ba. Kafin a kai tsakiyar littafin ya iya harshen, ba malami, ba ƙamus. Ya daina tuntuɓe, ya fara jin daɗin zubin maganar, kuma Alex na ta kiransa ɗan'uwa. Nan tarkon yake. Wanda ya iya saran gungu ya sa ƙafa ɗaya a cikin gungun.

Ana haka sai gwamnati ta kama Alex, ta yi masa wani magani mai suna Ludovico: a yi masa allurar da ke tayar da zuciya, a ɗaure shi, a buɗe masa ido da ƙarfi ya kalli finafinan zubar da jini, har ya zamana ko tunanin mugunta ya yi sai amai ya taso masa. Har kiɗan Beethoven da yake ƙauna ya zame masa azaba. Tambayar littafin ita ce ko wanda aka cire wa zaɓi za a kira shi mutumin kirki. Mai karatu zai so ya yi Allah wadai da wannan wankin ƙwaƙwalwa, alhali shi ma an gama yi masa ƙaramin irinsa, an cusa masa Rashanci bai nema ba. Burgess da gangan ya yi, shi ya sa bai so a haɗa littafin da jerin ma'anonin kalmomi ba. Bugun Amurka na 1963 ya saɓa masa, aka liƙa jerin da Stanley Edgar Hyman ya tsara. A ganina wannan ɓarna ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Ana yawan haɗa Nadsat da Newspeak na George Orwell a littafinsa Nineteen Eighty-Four na 1949, amma hanyarsu ba ɗaya ba ce. Na Orwell daga sama yake saukowa: jam'iyya mai mulki ke rage kalmomi shekara bayan shekara, da burin zuwa wajen 2050 a rasa kalmar da za a yi tunanin tawaye da ita. Orwell bai ma rubuta labarinsa da shi ba, bayani ya yi a rataye. Nadsat daga titi ya taso, ƙara kalmomi yake yi, kuma shi ne muryar littafin tun daga farko har ƙarshe.

Shaidar cewa harshen ne ginshiƙi ta fito a wurare biyu. Da Stanley Kubrick ya mayar da labarin fim a 1971, kyamara ba ta da labule, ido ya ga komai ƙuru-ƙuru. Aka yi ta cece-kuce ana zargin fim ɗin da zuga matasa, har Kubrick da kansa ya sa aka janye shi daga sinimomin Birtaniya, bai koma ba sai bayan rasuwarsa a 1999. Masu fassara kuwa sun sha wuya, musamman a ƙasashen da Rashanci ba baƙo ba ne. Robert Stiller na Poland sai da ya yi fassara biyu, ɗaya da saran da ya jingina da Rashanci, ɗaya da wanda ya jingina da Turanci.

Akwai kuma batun babi na 21, wanda bugun Amurka ya yanke, ba a maido shi ba sai 1986, kuma fim ɗin bai bi shi ba. A cikinsa Alex, yana ɗan shekara 18, ya gamu da tsohon yaronsa Pete, wanda ya yi aure, ya kama aiki, yana magana irin ta kowa. Matar Pete ta ji maganar Alex ta kama dariya. Abin da allurar gwamnati ta kasa yi, girma ya fara yin sa, kuma a harshe aka fara ganin alamar. Wasu masu nazari na ganin wannan babi ya yi laushi da yawa, ni kuwa ina ganin in babu shi an bar labarin Nadsat a rabi, domin sara na da shekarun da ake yin sa. Duk mai niyyar karanta littafin ya nemi bugu mai babi 21, in ya tarar da jerin ma'anoni a baya kada ya leƙa, ya daure wa babi uku na farko.